Jonah Lomu: gwanin gefe ne, ko girman jiki ne ya ɗaga shi?

Malam Isyaku: Assalamu alaikum jama'a. Maganar da zan ajiye a gabanku ba za ta yi wa da yawa daɗi ba, amma lissafi ne ya kawo ta. Duk inda aka zauna hirar zari-ruga sai ka ji an ce Jonah Lomu na Niyu Zilan shi ne ɗan gefen da ba a taɓa yin kamarsa ba. Ni ban yarda ba. Ya buga wa All Blacks, ƙungiyar ƙasar Niyu Zilan, wasa 63 tsakanin 1994 da 2002, ya ci tirai 37, wato dangwala ƙwallo a bayan layin abokan hamayya. Doug Howlett ya ci 49 a wasa 62. Christian Cullen 46 a wasa 58. Julian Savea 46 a wasa 54. Jeff Wilson, wanda suka yi zamani ɗaya, yana can ɗaya gefen, 44 a wasa 60. Ko a cikin gidansu ma ke nan an sha gabansa. Bai ɗauki Kofin Duniya ba. Ya kara da Afirka ta Kudu sau 12, ko sau ɗaya bai dangwala ƙwallo a bayan layinsu ba. Abin da nake cewa shi ne, tsayin mita 1.96 da nauyin kusan kilo 120 su suka yi masa aiki, a lokacin da wasan bai zama sana'a ba kuma ba a iya tsaron baya ba.

Nasiru: Wa'alaikumus salam. Malam, ka haɗa lissafin a kwando ɗaya, shi ya sa ya fito haka. Raba shi biyu. A Kofin Duniya wasa 11 ya buga, 5 a 1995 da 6 a 1999, ya ci 15. Kuma 8 daga cikin 15 ɗin a zagayen da in an doke ka sai gida ya ci su: 1 a kan Sikotilan da 4 a kan Ingila a 1995, 1 a kan Sikotilan da 2 a kan Faransa a 1999. Ranar da Niyu Zilan ta yi wa Jafan 145 da 17 a 1995, Lomu ba ya cikin fili ma. Marc Ellis ne ya kwashi 6 ranar. Da Lomu aka sa, yau ba wannan lissafin kake kawo mana ba.

Malam Isyaku: To ai ka taimake ni. Cire 15 daga 37, cire 11 daga 63. Saura tirai 22 a wasa 52. Ko rabin tirai a wasa bai kai ba. Ɗan gefen All Blacks ke nan fa, ƙungiyar da ƙwallo ke isa gefenta fiye da ta kowa.

Koci Bala: Bari in taɓa maganar girman jiki tukuna, don a nan ne kuskuren yake. Manyan mutane sun cika zari-ruga tun kafin a haifi Lomu, amma a gaba ake ajiye su, lamba 1 zuwa 8. Shi kansa lamba 8 yake bugawa a makarantar Wesley kafin a mayar da shi gefe. Abin da ya sa ba a kai irinsu gefe shi ne ba sa iya sauya hanya suna cikin gudu. Shi yana iyawa.

Ku koma ku kalli tirai ɗinsa na farko a kan Ingila, filin Newlands na Cape Town, 18 ga Yunin 1995. Mutane ƙarshensa kawai suke tunawa, inda ya bi ta kan Mike Catt. Ku kalli farkonsa. Jifan da abokin wasansa Graeme Bachop ya yi masa bai zo daidai ba, ta bayansa ƙwallon ta faɗo, sai da ya juya ya ɗauka. Gudunsa ya riga ya mutu ke nan, daga tsaye ya tashi. Tony Underwood na gabansa, ya bi ta wajensa, ta ɓangaren layin gefe, inda fili ya fi ƙunci. Will Carling ya zo ta gefe ya bugi ƙafarsa, ya yi tuntuɓe, jikinsa ya karkata gaba kamar zai ci da baki, amma bai faɗi ba kuma bai saki ƙwallo ba. Yana cikin wannan tangaɗin ya iske Catt. Mai kilo 120 da aka buge wa ƙafa yana gudu, yawanci a ƙasa za ka tsince shi. Wannan riƙe jikin ba nauyi ke ba da shi ba.

Sannan ku lura da hannunsa. Lamba 11 gefen hagu yake, don haka ƙwallo a hannun hagu ya kamata ta zauna, nesa da masu tahowa daga ciki, hannun dama kuma a sake don ture mai kamu. Tafin hannu a buɗe, a ƙirji ko a kafaɗa, gwiwar hannu ta miƙe daidai lokacin da mai kamun ya sunkuyo. In ka miƙe ta da wuri, ya kama hannun ya ja ka. In ka makara, kafaɗarsa ta riga ta shiga cinyarka. Ga dabarar ƙugu kuma: ya nuna kamar ciki zai shiga, mai tsaro ya dasa ƙafa, sai ya fice ta waje. Wannan koyo ne da maimaici, Malam.

Ɗanlami: Koci, amma Catt ɗin ai shi ma ya yi kuskure ko?

Koci Bala: Ya yi, ƙanena, kuma kuskuren da ake hana yara ne tun makon farko. Ya tsaya cak yana jira, nauyinsa a kan dunduniya. Kamu na ƙwarai kai ne za ka je wa mutum: ka rage faɗin taku in kun kusa haɗuwa, ka tsaya a kan yatsun ƙafa, ka dasa ƙafar gaba kusa da shi, kafaɗa a cinya, kai a gefen ƙugunsa ba a gaban gwiwarsa ba, hannu biyu su zagaye bayan gwiwoyi su matse, ƙafafunka su ci gaba da turawa. Wanda ya tsaya a kan dunduniya ba shi da abin turawa, baya kawai zai tafi. Ku yi lissafin da kanku: kilo 120 a gudun mita 8 cikin daƙiƙa ya ba da 960, kilo 85 a wannan gudun 680. Ƙarin ya kai kashi 40 cikin ɗari. In ka tare wannan a tsaye, kai ne za ka kwanta.

Malam Isyaku: Ka ga abin da nake faɗa ke nan. Masu tsaron 1995 ma'aikata ne, sojoji da lauyoyi da malaman makaranta, da yamma suke atisaye. Sai 26 ga Agustan 1995 aka halatta biyan 'yan wasa. Da ya haɗu da waɗanda suka yi masa shiri, a wasan ƙarshe na Kofin Duniya kwana shida bayan wasan Ingila, me ya faru? Afirka ta Kudu 15, Niyu Zilan 12, babu tirai ko ɗaya.

Baba Tanko: Isyaku, wannan wasan na ƙarshe ya cancanci a zauna a kansa, don kowane ɓangare yana jan sa wajensa. Ellis Park ne, Johannesburg, 24 ga Yuni. Shirin da Kitch Christie, kocin Afirka ta Kudu, ya yi ba wai a samo ƙaton da zai tare Lomu ba ne. James Small, lamba 14 ɗinsu, bai kai shi jiki ba ko kusa. Aikin Small shi ne ya taso da sauri tun ƙwallo na sama, ya tsaya ta kafaɗar waje ta Lomu, ya toshe masa hanyar layin gefe. Lomu ba shi da zaɓi sai ya yanko ciki, a ciki kuwa ga Japie Mulder, ga Joost van der Westhuizen, ga André Joubert a baya, ga su François Pienaar da Ruben Kruger suna tahowa. Na farko ya riƙe ƙafa, na biyu ya hau sama ya danne ƙwallo kada ya miƙa wa Josh Kronfeld, wanda kullum yana biye da kafaɗarsa. A wasan Ayalan, Lomu ya tsinka fili tun daga can gidansu, da aka kayar da shi dab da layi Kronfeld ne ya karɓa ya dangwala. 'Yan Afirka ta Kudu sun kalli wannan, sun san kayar da shi kaɗai bai isa ba.

Sirrin duka shi ne a same shi kafin ya yi taku biyar ko shida. Tirela mai kaya in tana tsaye, dutse ɗaya a ƙarƙashin taya ya riƙe ta, in ta ɗauki gangara kuwa sai dai a kauce. Sau ɗaya ya ɓalle ta tsakiya, van der Westhuizen ya shiga ƙafafunsa ya kayar da shi, kuma har yau ana nuna wannan kamun.

Amma ka duba abin da shirin ya ci musu. Mutum uku ko huɗu hankalinsu na kan mutum ɗaya. Fili faɗinsa mita 70 ne, in an taru a hagu dole wani wuri ya buɗe. Niyu Zilan ce ba ta yi amfani da wurin ba. Kuma kada a manta 'yan wasansu da yawa sun kwana biyu suna fama da amai da gudawa kafin wasan, Jeff Wilson ma fita ya yi. Abin da ya jawo ciwon har yau ana jayayya a kai, amma ciwon kansa an gan shi. Duk da haka 9 da 9 aka cika minti 80, Andrew Mehrtens na Niyu Zilan ya ɓarar da bugun dirof (a saki ƙwallo ta taɓa ƙasa a buga ta ta tsakanin sanduna) dab da tashi, sai a ƙarin lokaci Joel Stransky na Afirka ta Kudu ya ci nasa. Da na Mehrtens ya shiga, da ba wanda zai ce an gano maganin Lomu.

Malam Isyaku: Baba, Allah ya ƙara girma, "da" ba ta cin kofi. Kuma ba wasa ɗaya ba ne, 12 ne. Ga wani abin: a 1996 All Blacks suka ci jerin wasanni a ƙasar Afirka ta Kudu karon farko a tarihinsu, 23 da 19 a Durban, 33 da 26 a Pretoria. Wa ke sanye da lamba 11? Glen Osborne. Abin da suka shekara da shekaru suna nema, ba tare da Lomu suka same shi ba.

Nasiru: Rauni ne ya hana shi, ba ajiye shi aka yi don an fi shi ba. Kuma maganar cewa ba a iya tsaro ba ta faɗi a 1999. Lokacin wasan ya shekara huɗu da zama sana'a. Ingila ta ɗauko Phil Larder daga ɗaya nau'in zari-rugar, ta 'yan 13, aikinsa tsaron baya kawai. Ostireliya na da John Muggleton, kuma tirai ɗaya tak aka ci su a duk gasar. A wannan gasar Lomu ya ci 8, ya fi na 1995. A Twickenham ana 16 da 16 da Ingila, Mehrtens ya yi masa dogon jifa wajen tsakiyar fili, ya ratsa mutanen Larder ya je ya dangwala, aka tashi 30 da 16. Waɗannan ba malaman makaranta ba ne.

Ɗanlami: Ni dai Yaya Nasiru, Bryan Habana nake gani a sama. Wasa 124, tirai 67. Shi ma 15 gare shi a Kofin Duniya, shi ma ya ci 8 a gasa ɗaya, 2007, kuma shi ya ɗauki kofin, aka ba shi gwarzon ɗan wasan duniya na shekarar. Ga shi da tsayin mita 1.80 kawai. Yana karanta jifan abokan hamayya ya tsinke shi a hanya, yana bin bugun sama, yana kamu, yana komawa baya ya taimaki lamba 15. A wasan kusa da na ƙarshe da Ajantina, na farko buga ƙwallo ya yi ta saman mai tsaro ya bi ta, na biyu tsinke jifa ya yi. Lomu bai da waɗannan.

Nasiru: Habana gwani ne, ba musu. Amma buɗe 15 ɗin nasa: 6 a kan Samowa, 5 a kan Amurka, 1 Namibiya, 1 Sikotilan, 2 Ajantina. Wasa 18 ya ɗauke shi, gasa uku. Biyu ne kawai a zagayen sallama, Lomu 8. A wasan ƙarshe na 2007, 15 da 6 da Ingila, shi ma bai ci ba, ba wanda ya ci. In kuma lissafin Malam za mu bi, 67 a wasa 124 bai kai 37 a wasa 63 ba, ka raba ka gani. Kyautar gwarzon shekara kuwa sai 2001 aka fara ba da ita, 1995 da 1999 sun riga sun wuce.

Koci Bala: Ɗanlami yana da gaskiya a abu ɗaya, kuma masoyan Lomu ba sa son a faɗa. Aikin ɗan gefe rabi ne kawai yake da ƙwallo a hannu. Lamba 11 da 14 da 15 igiya ɗaya ce ta ɗaure su: in ƙwallo ta tafi dama, 14 ya hau layin tsaro, 15 ya matsa dama, 11 ya koma baya ya rufe tsakiya. In ta dawo hagu a juya. Wannan sintirin ba ya tsayawa minti 80. A nan Lomu yake da rauni. In aka buga ƙwallo ta bayansa, juyowa da kilo 120 yana cin taku biyu ko uku fiye da na ƙaramin mutum, kuma shi ba mai dogon bugu ba ne da zai mayar da ita. Wasanninsa biyu na farko ma sun nuna haka. Yana da shekara 19 da kwana 45 aka sa shi gaban Faransa a Christchurch, Yunin 1994, bai daɗe da barin lamba 8 ba. Faransa ta ci 22 da 8, ta sake ci 23 da 20 a Eden Park, aka ajiye shi. Bai san inda ɗan gefe ke tsayawa ba tukuna.

Malam Isyaku: Madalla. Kuma haka Faransa ta sake yi musu a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Duniyar 1999, da bugu ta bayan layi. Niyu Zilan na gaba 24 da 10, Faransa ta zuba maki 33 a jere.

Baba Tanko: A'a, wannan kada a ɗora masa. 24 ɗin nan, tirai biyun da ke ciki duk nasa ne. Na farko 'yan Faransa sun yi masa rubdugu ya ratsa su, na biyu suka yi ba-ni-in-ba-ka da Wilson ya shige. Tirai ɗin Christophe Dominici da ya juya wasan, bugun Fabien Galthié ne, kuma Dominici lamba 11 ne na Faransa, wato ɓangaren Tana Umaga yake, ba na Lomu ba. Na Richard Dourthe ɗan bugun Christophe Lamaison ne ta bayan 'yan tsakiya. John Hart, kocin Niyu Zilan, ya ɗauke Cullen daga lamba 15 inda ya fi kowa, ya kai shi 13, ya sa Wilson a 15. Ga fenareti da suka riƙa bayarwa, Lamaison shi kaɗai maki 28 ya ci. Aka tashi 43 da 31. In akwai wanda ya fita daga filin nan ba a bin sa bashi, Lomu ne.

Hajiya Rakiya: Ina biye da ku tun ɗazu, kuma tambayar Malam Isyaku ta 22 a wasa 52 ba a amsa ta ba. Ba za ta amsu ba sai an shigo da ƙoda. Mutumin nan ciwon nefrotik gare shi. An sanar da duniya a farkon 1997, ya ajiye wasa kusan duk shekarar, sai a rangadin ƙarshen shekara ya dawo.

Ga abin da ciwon yake yi. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai wajen miliyan guda, suna tace datti su bar furotin a cikin jini. A wannan ciwon matatan yoyo suke, furotin ya riƙa zubewa a fitsari, sama da giram 3.5 a awa 24, har fitsarin ya riƙa kumfa. Babban wanda ake asara shi ne albumin, shi ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini. In ya yi ƙasa sai ruwa ya tsiyaye cikin nama, ƙafafu su kumbura, fuska ta kumbura da safe, nauyi ya ƙaru ba na tsoka ba. Sinadaran kariya daga cuta su ma suna bin fitsarin, shi ya sa ɗan ƙaramin ciwo ke kwantar da mai shi. Magungunan da ake bayarwa, su sitiroyid da masu danne garkuwar jiki, suna ƙara ƙiba, suna raunana tsokar cinya da ta kafaɗa in an daɗe ana sha. In ƙodar ta ci gaba da lalacewa kuma, sinadarin da take fitarwa don ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini sai ya ragu, ƙarancin jini ya shigo.

To ku haɗa da abin da Koci ya bayyana. Gudu ɗaya na daƙiƙa goma bai dogara da iskar da jini ke kaiwa ba sosai, tsoka tana da ɗan ajiyarta. Mayar da wannan ajiyar kafin gudu na biyu da na uku shi ke buƙatar jini isasshe. Mai wannan matsalar zai iya yin abin mamaki sau biyu ko uku a wasa, amma sintirin minti 80 zai gagare shi, kuma farfaɗowa daga wasan Asabar zuwa na Asabar mai zuwa zai yi masa tsawo. A ganina abin da ake kira lalaci ko rashin bin wasa a wajensa, da yawansa daga nan yake. A 2003 ya fara wankin ƙoda sau uku a mako, jijiyoyin ƙafafunsa suka taɓu har tafiya ta yi masa wuya. Aka yi masa dashe a Yulin 2004, jikinsa ya ƙi ƙodar a 2011, ya rasu 18 ga Nuwamban 2015 a Auckland yana da shekara 40. Wasansa na ƙarshe da All Blacks, da Wales a Nuwamban 2002, shekararsa 27 kacal. Ɗan gefe a wannan shekarun yake kan ganiyarsa.

Malam Isyaku: Hajiya, na gode da wannan bayanin, kuma ba na raina abin da ya jure. Wanda ya koma fili bayan dashen ƙoda, ya buga wa Cardiff Blues wasa 10 har ya karye a idon sawu a 2006, ba a yi masa maganar ƙarfin zuciya. Sai dai ciwo dalili ne, ba maki ba ne. Tambayar ita ce wa ya fi kowa a abin da aka gani a fili, ba wa zai fi kowa da yana da lafiya ba. In muka buɗe wannan ƙofar, kowa yana da wanda zai shigo da shi.

Hajiya Rakiya: Ban ce a ƙara masa maki ba, Malam. Cewa ka yi girman jiki ne da raunin masu tsaro suka ɗaga shi, da aka gane shi ya sauka. Ni kuma ina nuna maka saukar tana da wani sanadin da likitoci suka tabbatar. Maganganu biyu ne daban.

Nasiru: Kuma ko a tsakanin gasannin ba ɓacewa ya yi ba. Zinare a wasan 'yan bakwai-bakwai na Commonwealth a Kuala Lumpur, 1998. Kofin Duniya na 'yan bakwai a Mar del Plata ta Ajantina, 2001, ya ci uku a wasan ƙarshe da Ostireliya. Wasan 'yan bakwai kuwa fili ɗaya ne da na 'yan 15, ba inda mai nauyi zai ɓuya. Sai Sydney, 15 ga Yulin 2000, gaban mutum 109,874: Niyu Zilan ta yi 24 da nema tun ba a je ko'ina ba, Ostireliya ta rama 24 da 24 kafin hutun rabin lokaci, ta wuce gaba 35 da 34 dab da tashi. Taine Randell ya jefa masa ƙwallo ta saman kai, fili ɗan kaɗan ne tsakaninsa da layin gefe, ya zagaye Stephen Larkham bai taka layi ba. 39 da 35. Wannan ƙafa ce, ba ƙirji ba. Ingila kuwa tirai 8 ya ci ta, biyun ƙarshe a Twickenham a Nuwamban 2002, watanni kaɗan kafin a ɗora shi a kan injin wanki.

Ɗanlami: Ana cewa ma saboda shi aka mayar da wasan na kuɗi.

Baba Tanko: Wannan an ƙara gishiri, ɗana. Yarjejeniyar dala miliyan 555 ta shekara goma da kamfanin News Corporation ya ƙulla da Afirka ta Kudu da Niyu Zilan da Ostireliya, ana jajibirin wasan ƙarshe aka sanar da ita, kuma abin da ya tura hukumomin shi ne tsoron kada zari-rugar 'yan 13 ta kwashe musu 'yan wasa da kuɗi. Lomu ya sa hajar ta yi kyan gani, ya jawo idon waɗanda ba su taɓa kallon wasan ba, amma cinikin ya riga ya kankama. Kuma wannan ba hujja ba ce a muhawarar nan, a ajiye ta gefe.

Malam Isyaku: To Koci, tambaya ta ƙarshe gare ka. Yau kowace babbar ƙasa tana da ɗan gefe mai kilo 100 ko fiye, 'yan tsakiya ma haka. Ana sauya mutum takwas daga benci, alhali a 1995 sai wanda ya ji rauni ake sauyawa, don haka ba gajiyayyun da za a take a minti na 70. Ka sa Lomu na 1995 a fili yau. Ya za ka yi da shi?

Koci Bala: Zan sa shi, amma ba zan bar shi a gefe yana jiran ƙwallo ta bi hannu biyar kafin ta iso shi ba, don tsaron yau tasowa yake da gudu, zai same shi a tsaye kamar yadda Small ya yi. Daga jifan gefe zan nemo shi, wato jefo ƙwallo cikin fili bayan ta fita. A nan doka ta tilasta wa 'yan baya na kowane ɓangare su ja mita 10, tazarar mita 20 ke nan tsakani, ba inda ake samun irin wannan filin a wasan. Ya taso daga gefensa a ɓoye ta bayan lamba 10, ya karɓi ƙwallo yana cikin cikakken gudu, ya nufi kafaɗar ciki ta lamba 10 ɗinsu, wanda galibi shi ne mafi raunin kamu. Lamba 7 ɗinmu na manne da shi. Ko bai ɓalle ba, mutum biyu ko uku sun kwanta a kansa, ƙwallo ta fito cikin daƙiƙa uku, mun fi su yawa a waje. A sikiram, inda 'yan gaba ke haɗa kai suna turereniya a kan ƙwallo, tazarar mita 5 ce kowane ɓangare, dabarar tana aiki amma dole ya fara gudu tun ƙwallo na ƙafar lamba 8. A tsaro kuma lamba 15 zai karkata hagu, lamba 9 ya riƙa komawa baya, lamba 14 ya zama mai iya bugu da cafe ƙwallon sama.

Malam Isyaku: Ka sauya aikin mutum uku ke nan don ka rufa wa mutum ɗaya baya. Kuma akwai dokar 50 da 22 da aka shigo da ita a 2021: in na buga daga rabin filina, ƙwallo ta taɓa ƙasa ta fita a cikin mita 22 ɗinku, jifan gefen nawa ne. Lamba 15 ɗinka ya karkata hagu, kusurwar dama ta zama fayau. Can zan riƙa aika ta. In ka dawo da shi tsakiya, in aika bayan Lomu, in sa mai gudu ya bi shi ya same shi yana juyowa.

Koci Bala: Sai ka tabbata kowane bugu ya fita, Malam. Wanda ya tsaya a cikin fili, lamba 15 zai cafe ya miƙa masa, 'yan wasanka masu bin ƙwallon kuma a warwatse suke ba a jere ba, tsakaninsu da shi mita 30.